Yadda Ake Bin Sawun So da Kishi a Labarin Ƙofofi Biyu na Frank Stockton

Mai matsakaicin saurin karatu zai gama labarin nan cikin minti 15, don bai kai kalma 3,000 ba, amma an shafe sama da shekara 140 ana musu a kansa. Frank R. Stockton ne ya rubuta shi, marubucin Amurka da aka haifa a Filadelfiya a 1834, ya rasu a 1902. Mujallar The Century ta buga shi a watan Nuwamba na 1882 da sunan "The Lady, or the Tiger?", wato budurwar ce ta fito ko kuwa damisar. Duk wanda aka ba aikin nazarin yadda so da kishi ke juya hukuncin ɗan Adam zai sami abin yi a nan, domin marubucin ya kai mu har bakin hukuncin sannan ya sake mu. Yawancin masu sharhi sukan yi gaggawar faɗin ƙofar da suke ganin an buɗe, daga baya su koma farautar hujja. Tsarin da ya fi ba da sakamako shi ne a tara hujja tukuna, a tace ta, a auna, sannan a yanke.

Ga ƙashin labarin. Wani sarki ne na zamanin da, wanda marubucin ya ce rabin wayewa gare shi. Ya aro dabarar gina dandalin kallo daga maƙwabtansa na nesa, Latinawa, ya mayar da dandalin kotu. Idan aka zargi mutum da laifin da ya kai sarki ya kula, sai a fito da shi tsakiyar fili gaban jama'a. A gabansa ƙofofi biyu ne gefe da gefe, iri ɗaya sak. Bayan ɗaya akwai damisa mayunwaciya, bayan ɗayar kuma budurwar da aka zaɓo daidai da shekarunsa da matsayinsa. In ya buɗe ta damisa, ta yayyaga shi, a kaɗa ƙararrawar ƙarfe, masu kukan haya su ɓarke da kururuwa, laifi ya tabbata ke nan. In ya buɗe ta budurwa, nan take a ɗaura masu aure, a kaɗa ƙararrawar tagulla, yara su bi su da furanni. Ko yana da iyali, ko zuciyarsa na wurin wata, wannan bai dami sarki ba. An lulluɓe ƙofofin ta ciki da fatu masu kauri don kada gurnani ko motsi ya fito, kuma damisar ba ta da ƙofa guda da aka san ta da ita.

Ana nan sai sarki ya gano 'yarsa na soyayya da wani saurayi cikin fadawansa, kyakkyawa, jarumi, amma mai ƙaramin matsayi. Aka jefa shi kurkuku, aka sa rana. Gimbiya ta yi amfani da zinariya da naci har ta gano abin da ke bayan kowace ƙofa, ta kuma san ko wace ce budurwar: ɗaya daga kyawawan 'yan matan fada, wadda ta tsana saboda tana zargin akwai wani abu tsakaninta da saurayin. Ranar shari'a ya ɗaga ido ya tambaye ta da kallo, ta ɗan motsa hannu zuwa dama, ya je ya buɗe ƙofar dama. A nan labari ya tsaya, aka bar mai karatu da tambaya.

Karatu uku, kowanne da aikinsa

Karatun farko ka yi shi a zama ɗaya, ba alƙalami a hannu. Da ka gama, rubuta a guntuwar takarda ƙofar da zuciyarka ta ba ka, ka ninke ka ajiye, kada ka sake dubawa sai ƙarshen aiki. Kai ma kana da son zuciya, kuma shi zai riƙa ja maka hannu a duk sauran nazarin, gara ka san inda ya karkata tun da wuri.

A karatu na biyu ka sa wa kowane sakin layi lamba, ka raba labarin kashi huɗu: bayanin sarki da dandalinsa, soyayyar da kamun saurayi, ranar shari'a har buɗe ƙofa, sai kashin ƙarshe inda mai ba da labari ya juyo yana magana da mai karatu kai tsaye. Za ka lura kashin farko ya ci wuri sosai kafin ma a ambaci gimbiya. Za ka kuma lura ba wanda aka ba suna, kuma babu hira ko ɗaya tsakanin taurarin. Duk abin da aka sani game da zuciyar gimbiya daga bakin mai ba da labari ya fito, don haka kula da zaɓin kalmominsa shi ne rabin aikin.

Karatu na uku da alƙalami kala uku ake yin sa: ɗaya na so, ɗaya na kishi, ɗaya na tsoro da yanke ƙauna. Inda jimla ta ɗauki kala biyu, sa mata duka biyun ka yi mata alama a gefe. Waɗannan jimloli masu kala biyu su ne naman sharhinka.

Fara da sarki

Masu nazari da yawa suna tsallake shi, alhali shi ne na farko da so ya karkatar da hukuncinsa. An faɗa mana yana son 'yarsa fiye da kowa a duniya. To duba abin da son ya haifar. Kowa ya san saurayin ya aikata abin da ake tuhumarsa da shi, shi bai musa ba, ita ma ba ta musa ba, saboda haka babu wata gaskiya da ta rage dandali ya binciko. Abin da ya gamsar da sarki shi ne ko wace ƙofa aka buɗe, an raba yaron da 'yarsa. Za ka iya kiran wannan kishin mallaka ko kishin sarauta, amma ka bayyana cewa fassararka ce, domin matanin bai kira shi da wannan suna ba.

Yabon da mai ba da labari ke yi wa adalcin dandalin kuwa gugar zana ce daga farko har ƙarshe, wanda ya ɗauke shi da gaske ya ɓata tun daga shafin farko. Sarki na tinƙaho da cewa kotunsa ba ta da alƙalin da za a saya, sa'a ce kaɗai ke hukunci. Sai ga 'yarsa ta sayi sirrin da zinariya. Daga wannan lokaci sa'a ta fita daga maganar, hukunci ya dawo hannun mutum, kuma mutumin da ya fi kowa rashin cancantar zama alƙali a wannan shari'a: ita ce masoyiyar wanda ake tuhuma, ita ce abokiyar gabar ladan da za a ba shi, ita ce kuma mai shaida guda ɗaya tak a kan zargin da take yi masu. Rubuta wannan a sarari cikin sharhinka, shi ke bayyana dalilin da ya sa marubucin ya ɓata lokaci mai yawa kan dandalin.

Takarda mai gida uku

Nan ne ainihin aikin. Ja layi biyu a tsaye ka raba takarda gida uku. Gida na farko na abin da labarin ya tabbatar ya faru. Na biyu na abin da gimbiya ta zata. Na uku na abin da ta zana a ranta game da gobe.

A gida na farko za ka sa: sun yi watanni suna soyayya cikin jin daɗi, tana son sa so mai zafi, ta sayi sirrin ƙofofin, ta san budurwar, jefi-jefi takan ga su biyun suna magana na ɗan lokaci kaɗan, ta tsani yarinyar, ranar shari'a fuskarta ta fi ta kowa kwaranyewar jini, ta motsa hannu ba tare da jinkiri ba, bayan ta kwashe kwanaki dare da rana tana saƙawa tana kwancewa.

Gida na biyu shi ke buƙatar ido. Kallon sha'awar da budurwar ke yi wa saurayin, matanin bai ce ya faru ba, cewa ya yi gimbiya ta gani ko kuma ta ɗauka ta gani. Cewa saurayin ya lura da kallon har ya mayar, wannan ma an ce wani lokaci takan yi tsammanin haka. Abin da suka faɗa wa juna a 'yar tsayuwar tasu kuwa ba ta ji ba, mai ba da labari ma ya yarda mai yiwuwa zancen banza ne, sai aka rufe da tambayar yaya za a yi ta san haka. Tsaya a kan wannan tambaya. Tsani ne mai matakai huɗu: an kalle shi, ya lura, ya mayar, sun yi magana. Mataki na ƙarshe ne kaɗai idonta ya tabbatar, kuma shi ne mafi ƙarancin nauyi, amma ya zama ginshiƙin da ya ɗauki sauran ukun. Da aka zo kan abin da ba ta sani ba, rashin sanin bai rage zargin ba, ƙara masa wuta ya yi. Haka kishi ke aiki da hujja: yakan ɗauko abu daga gida na biyu ya ajiye shi a na farko ba tare da mai shi ya lura ba, kuma duk gurbin da babu labari sai ya cike shi da mafi munin abin da zai yiwu.

Gida na uku ya ƙunshi hotuna biyu. Ɗaya saurayin a bakin damisa. Ɗayan kuma shi yana buɗe ƙofa fuskarsa cike da murna, budurwar na fitowa da idon wadda ta yi nasara, ana ɗaura aure a gaban gimbiya, ihun jama'a na haɗiye tata kururuwar. Ka lura murnar da ta zana a fuskarsa tana iya zama ta wanda ya tsira da rai kawai, amma ita ta karanta ta a matsayin murnar samun wata mace. Ita budurwar kuwa ba ita ta kai kanta bayan ƙofar ba, zaɓo ta aka yi, kuma abin da aka nuna mana nata a ranar bai wuce kunya da rawar jiki ba.

Idan ka rikice kan ko jimla ta mai ba da labari ce ko ta zuciyar gimbiya, akwai gwaji mai sauƙi. Sa "a ganinta" a farkon jimlar. In ta zauna daram ba tare da ma'ana ta canza ba, tunaninta ne aka saka a bakin mai ba da labari, wurinta gida na biyu ko na uku. Kashin ƙarshe na labarin cike yake da irin waɗannan.

Wani abu da ya kamata ka tantance tun a nan shi ne bambancin kishi da hassada. Hassada tsakanin mutum biyu take, wani na da abu kana so ya rasa. Kishi sai da mutum uku, kana tsoron wani ya karɓe wanda kake ganin naka ne. Gimbiya ta riga ta rasa saurayin tun ranar da ubanta ya yanke magana, saboda haka babu abin da ya rage ta kare. Tambayar da ke cin ta ita ce wa zai same shi. A daidai nan kishin nata ke gangarawa zuwa a fasa kowa ya rasa, kuma manazarci mai kyau zai nuna sakin layin da gangarar ta fara.

Auna mafarkan biyu

Ƙirga jimlolin da aka ba kowane hoto a kashin ƙarshe. Za ka tarar na damisa gajere ne, ta firgita ta rufe fuska da hannu. Na budurwa dogo ne, daki-daki, da cizon haƙora da tsigar gashi, kuma an faɗa ƙarara cewa shi ta fi yawan gani. Bayan wannan sai tunanin cewa watakila gara ya mutu nan take ya je ya jira ta a lahira. Daga nan sai aka koma kan damisar, da ihun, da jinin. Jerin ke nan: damisa, budurwa, lahira, damisa.

Masu cewa damisa ta nuna masa suna riƙe da yawa da tsawo. Suna kuma da wata hujja da ba kowa ke ganowa ba: lokacin da mai ba da labari ya ambaci wutar da ke ƙona ranta, abu biyu ya lissafa, yanke ƙauna da kishi, bai sa so a ciki ba. Tunanin lahira ma nasu ne, kuma shi ne wuri mafi hatsari a labarin, don a nan kishi ya aro rigar so ya sa. Kisan ya daina kama da ramuwa, ya koma kama da ajiya, kamar tana adana shi ne don kanta.

Masu cewa budurwa ta nuna masa suna riƙe da abin da ya zo ƙarshe. Bayan duk doguwar azabar, tunanin da aka bar ta a kai shi ne ba za ta iya jure jinin ba. Suna iya juya hujjar yawan mafarkin ma: mutum ya fi yawan hango abin da ya san zai faru, don haka tana iya yawan ganin auren ne saboda shi ta zaɓa, tana koya wa zuciyarta haɗiye shi.

A ganinmu ɓangaren damisa ya fi yawan kaya a matanin, amma na budurwa ya fi samun wuri mai kyau, kuma da gangan aka shirya haka. Duk wanda ka ɗauka, dole ka amsa hujjar ɗayan mafi ƙarfi.

Akwai hujjoji masu baki biyu da ya kamata ka fitar daga ma'auni, ko ka yi amfani da su da bayani. Kwaranyewar jinin fuskarta ta dace da mai shirin kisa, ta dace da mai shirin sadaukarwa. Rashin jinkirinta yana nuna ta gama yanke shawara ne kawai, bai nuna wace shawara ba. Sayen sirrin ma haka: da ta bar abin ga sa'a, rabi da rabi ne, sayen ya nuna tana son hukuncin ya zama nata. Za ka iya cewa da niyyar ceto ta fara neman sirrin, sanin ko wace ce budurwar ya zo ya dagula mata lissafi. Karatu ne mai ma'ana, amma hasashe ne, ka kira shi da sunansa.

Saurayin da ake mantawa

Idan kishi ya sa gimbiya ta ga abin da babu, so ya sa saurayin bai nemi ganin komai ba. An ce ya san halinta, ya tabbata ba za ta huta ba sai ta gano sirrin, kuma da suka haɗa ido ya gane ta gano. Iyakar abin da labarin ya ce ya sani ke nan. Bai ce ya san ta tsani wata ba, bai ce ya san ko wace ce ke bayan ƙofa ba.

Yi lissafin a takarda. Ba tare da alamar gimbiya ba, damar tsirarsa 50 cikin 100 ce. Da zarar ya bi alamar, damar tasa ta zama daidai da yiwuwar cewa budurwa ta nuna masa. In yiwuwar ta haura rabi, bin ta riba ce. In ba ta kai rabi ba, ƙofar hagu ta fi masa. Mai sanyin kai zai tsaya ya yi wannan awo, ko da na ƙiftawar ido ne. Shi kuwa ya taka da sauri, ba ɗar, ya buɗe ta dama. Wato sanin da ya yi mata ya tsaya a kan ƙarfin nufinta, bai kai ga inda nufin zai dosa ba.

Duba kuma abin da yake roƙo. Mafi kyawun sakamako gare shi shi ne ya auri wata a gaban idonta, ita kuma yake so ta nuna masa hanya. Tambayar da ya yi da ido kalma ɗaya ce, wacce, kuma tana ɗaukar ma'ana biyu: wacce ce ta budurwa, ko wacce kike so in buɗe. Wanda ya ɗauki ma'ana ta biyu zai iya cewa saurayin ya miƙa mata ransa ne da saninsa. Sakin layi guda a kan wannan yakan ɗaga sharhi sama da na tsara.

Zuba sharhin

Ga sharhi mai kalma 900 zuwa 1,000, gabatarwa kada ta wuce kalma 100, kuma matsayinka ya fito a cikinta. Taƙaita labari kada ya wuce 120, nan ne ɗalibai ke zubar da rabin takardarsu. Hujjoji uku sun isa, kowace kalma 150 zuwa 180. Ware 150 don hujjar abokan hamayya mafi ƙarfi da amsarka. Kowace hujja ta ƙunshi abu huɗu: abin da kake da'awa, lambar sakin layin, gidan da ya fito a takardarka, da abin da ya yi wa hukuncin.

Kwatanta waɗannan biyun. "Gimbiya na da kishi sosai, don haka ta zaɓi damisa." Wannan ra'ayi ne tsirara. "Daga abubuwa huɗu da gimbiya ta gina ƙiyayyarta a kai, ɗaya kaɗai ta gani da tabbaci, amma ta ɗauki duka huɗun a matsayin gaskiya, wadda ta hukunta budurwar da zato tana iya hukunta saurayin da shi." Wannan ana iya gwada shi da matanin, ana iya musa shi, shi ya sa ya zama nazari.

In a aji ne, raba ɗalibai gida biyu bisa abin da suka rubuta a guntuwar takardarsu, ka sa kowane gida ya kare akasin abin da ya zaɓa, minti 5 kowanne, kuma ba a karɓar magana sai da lambar sakin layi.

Inda ake zamewa

Kuskure mafi yawa shi ne mai sharhi ya sa kansa a kujerar gimbiya ya ce ni da ni ne ba zan iya ba. Mai ba da labari da kansa ya gargaɗi mai karatu kada ya auna abin da zuciyarsa, ya auna da tata.

Na biyu shi ne kafa hujja da karin magana. A ce kishi kumallon mata, shi ke nan an gama. Karin magana na iya ƙawata jimla, amma ba ya faɗin abin da wannan mace ta yi a wannan rana, kuma yana rufe ido daga ganin cewa maza biyun da ke labarin ma zuciya ce ta yi masu hukunci.

Sai dogaro da rabin wayewar da aka ce ta gada. Kalmar ta zamanin marubucin ce, ƙarni na 19, kuma yana wasa da ita ne cikin ba'a. Ban da haka baki biyu gare ta: wannan zafin jinin da ake cewa zai sa ta kisa, shi aka ce ya sa son nata ya yi ƙarfi. Ba za ka ɗauki rabi ka bar rabi ba.

Akwai masu ƙirƙiro ƙarshe na uku, wai ta shirya da masu gadi an cire damisar, ko ya buɗe ta hagu, ko za ta bar shi ya yi auren daga baya ta kawar da amaryar. A darasin ƙirƙira wannan abin yabo ne. A nazari kuwa fita ce daga matanin, don an faɗa ya buɗe ta dama, kuma a duk saƙe-saƙen da aka nuna mana nata hanya biyu kaɗai take gani.

Wasu kuma sukan ce ai marubucin ya faɗi amsa a wani wuri. Bai faɗa a rubutunsa ba. A 1885 ya fitar da ci gaba mai suna "The Discourager of Hesitancy", inda baƙi biyar suka zo daga ƙasa mai nisa neman amsar. Maimakon amsa sai aka ba su labarin wani yarima da aka ɗaura wa aure idonsa a ɗaure, aka ce ya nuna matarsa cikin mata 40, ɗaya ta yi murmushi ɗaya ta ɓata fuska. Aka ce in sun faɗi wadda ya aura, za a faɗa masu abin da ya fito daga ƙofar.

Na ƙarshe ya shafi masu aiki da taƙaitawa ko fassara. Taƙaitawa takan yar da ƙananan kalmomin shakka, sai a wayi gari an ce budurwar na son saurayin, ko suna soyayya a ɓoye. Wanda ya yi nazari daga irin wannan ya yi abin da gimbiya ta yi ke nan, ya mayar da zato tabbas. In kai ne mai fassarawa zuwa Hausa, riƙe "ko kuma ta ɗauka ta gani" da "takan yi tsammani" da kyau, kada ka gyara su don jimla ta yi santsi.

Da ka gama rubutu, ɗauko guntuwar takardar nan ka buɗe. In hukuncinka na ƙarshe ya saɓa da na farko, nemo hujjar da ta juya ka, ka tabbata ta sami wuri mai kyau a sharhin. In kuwa sun zo ɗaya, koma kan takardarka mai gida uku ka bi gida na farko layi-layi, ka tambayi kowane abu lambar sakin layin da ya tabbatar da shi. Duk wanda ya kasa kawo lamba, mayar da shi gida na biyu, ka sake karanta hujjojinka uku ka ga ko har yanzu suna tsaye.